Kunun Baba Dogo

Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Baba ya karya kumallo a cikin gida ba. Ƙa'idarsa ce: sai ya tada mota, injin yana ɗumi, sannan Inna Kulsumu ta miƙa masa kwanon kunu ta taga ya sha a kan sitiyari. Yakan ce direban da ya riga motarsa karyawa marar kunya ne.

Yanzu Inna ta riga mu gidan gaskiya, motar kuma ta daɗe a ajiye a kangon bayan gidanmu a Ƙaura Namoda. Tsohuwar babbar mota ce mai bodin katako, wadda ta sha ɗaukar gero da dawa zuwa kasuwar Shinkafi. Kabewa ta yi yaɗo a kanta, kaji sun mai da ƙarƙashinta gidan gado. Shi kuwa Baba Dogo tsufa ya rikita shi. Ba ya gane ni, ni Hannatu 'yarsa ta fari, ba ya gane ƙanena Hafizu. Kallon fasinjoji yake mana, waɗanda suka zo tasha da wuri.

Da daminar bana ta kankama sai ya daina cin abinci. Kowace safiya bayan salla zai dogara sanda ya je kangon, mu tallafa masa ya hau, ya zauna yana kallon gilashin da ruwa ke gangarowa a kai. In na kai masa kunu sai ya kau da kai.

"Ba ta tashi ba," yake cewa. "Ba ni ci sai ta tashi."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Ruwa kawai yake kurɓa. Na ga wuyan rigarsa yana ƙara faɗi kullum, tsoro ya kama ni ƙwarai. Sai na je tasha na samu Hafizu a rumfarsa, inda yake gyaran wayoyin motocin duniya alhali ta ubansa tana ruɓewa.

"Ko ka tada motag ga, ko mu rasa tsohon ga," na ce masa.

"Yaya, in ta tashi ya ja ta hwa?"

"Kai ne makaniki. Ka san yadda za ka yi."

Ya sani kuwa. Da farko ya shiga ƙarƙashi ya kwance farfela, ƙarfen da ke juya ƙafafun baya, don ko an sa giya ba inda za ta. Ya aro batir, ya zuba mai, ya wanke abin da ke wankuwa. Ya ciro kik, wato na'urar da ke fara juya injin, ya kankare tsatsa, ya canza mata gawayin lantarkin da ke cikinta. Da ya leƙa ƙarƙashin sitiyari sai ya yi salati. Wurin murɗa makulli ya ƙone tun zamanin da, ga kuma wasu wayoyi biyu tsirara suna reto.

"Wanga aikin ganganci na," ya ce, ya sa filaya ya datse su. Ya ɗaura sabon makulli mai sheƙi, ya naɗe komai tsaf. Murɗawa ɗaya motar ta yi tari, ta yi gurnani, kaji suka watse. Hafizu ya kashe ta yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Washegari muka hau da Baba. Hafizu ya sa makulli, ya tada masa motar da kansa don ya ji. Baba ya saurara kaɗan, ya ce, "Motar wa ta?" Bai ko dubi kunun ba. Hafizu ya kashe, ya ce, "To Baba, murɗa da kanka." Baba ya murɗa rabi, fitilar gaban sitiyari ta kawo, sai ya saki makullin. Hannunsa ya gangara ƙarƙashin sitiyari yana lalube. Ya laluba dama, ya laluba hagu, ya ciro hannun ya dube shi kamar ba nasa ba. Ya sake mai da shi.

A nan na tuna. Ina ƙarama, a tsaye kusa da zanen Inna, nakan ga Baba ya sunkuya, sai wani ɗan tartsatsi shuɗi ya haska tafin hannunsa, motar ta farka. Na daɗe ina tsammanin wuta yake ajiyewa a hannu.

"Hafizu, ina wayoyin da ka yanke?"

"Na gyara wurin, Yaya. Suna iya ƙona mota."

"Ɓata shi. Mai da shi yadda ka iske shi."

Ya dube ni, ya dubi hannun Baba da ke ta lalube, ya ɗauko filaya. Ya warware naɗin da ya ɓata yini yana yi, ya jawo wayoyi biyu, ya feƙe bakinsu, ya bar su suna reto. Na san abin ya yi masa ciwo, don Hafizu mutum ne mai son a yaba aikinsa.

Yatsun Baba suka same su. Bai ko duba ba. Ya yi bisimilla, ya haɗa, tartsatsin ya haska tafinsa, motar ta girgiza ta tashi. Yayyafi na sauka, ganyen kabewa na rawa a kan gilashi, ƙamshin hayaƙi ya cika kangon. Baba ya gyara zama, kafaɗunsa suka miƙe. Ya ɗan taka totur yana saurare, ya gyaɗa kai. Sai ya miƙo hannu ta taga ba tare da ya waiwayo ba.

"Kulsumu, kawo kunun. Yau Alhamis, kar mu makara."

Na so ƙwarai a ce sunana ya kira. Amma na ce, "Ga shi, Maigida," na sa masa kwanon a hannu.

Ya shanye tas, har ya lashe ludayi. Ya ce in hau in zauna gaba. Ya sa giya, motar ba ta motsa ko taku ɗaya ba, shi kuwa yana juya sitiyari a hankali yana kauce wa ramuka. Ya nuna mini geron Moriki da ya yi kyau bana, ya ɗaga wa mutanen Badarawa hannu. Ni katangar kangon kawai nake gani, da Hafizu jingine da ita yana share fuska da hular aiki.

Da muka kusa Shinkafi Baba ya dube ni ya ce, "Da saura a tukunya?"