Kafaɗa Shida Don Bronek Wasiak

Bronek Wasiak ya rasu ranar Litinin, ya bar wa matarsa wasiyya guda ɗaya, ita ma mai rigima kamar mai ita. Ya ce kada a kuskura a shigar da shi coci a kan keken nan mai taya da masu jana'iza suke turawa. A masana'antar ƙarfen da ya yi wa aiki tun yana saurayi har ranar da aka rufe ta, tarkace ake turawa a kan taya, ƙarfe mai kyau kuwa ɗaga shi ake yi. Don haka ko dai mutanen rukuninsa su ɗauke shi a kafaɗa, ko a bar shi a bakin titi.

Halina, matar tasa, ita ta kira Glenys Haddow a waya ta faɗa mata.

"Mai kamfanin jana'izar ya ce ba zai hana ku ba," in ji ta. "Amma matakalar cocin tana da tsayi. Ya ce da zarar ya ga akwatin gawar ya karkace, ko wani ya yi tangaɗi, zai turo keken, ba zai tsaya neman izinin kowa ba. Ni ban ga laifinsa ba, Glen. Ku nawa kuka rage?"

Glenys ta lissafa waɗanda ke da rai, ta cire wanda ke gidan tsofaffi da wanda aka yanke wa ƙafa.

"Maza biyar. Da ni shida."

"Za ku iya?"

"Ki tanadi shayi kawai," in ji Glenys. Sai da ta ajiye wayar gabanta ya faɗi, don ita ce ƙaramarsu, kuma ta haura sittin da biyar.

Glenys ce ke tuƙa babbar ƙugiyar ɗaga kaya a rukuninsu. Tana can sama kusa da rufi cikin ɗan ɗakin gilashi, tana ɗauko tukunyar narkakken ƙarfe daga bakin tanderu, Bronek yana ƙasa yana nuna mata da hannu inda za ta sauke. Ranar da ta fara aiki ya jefar da safar hannunsa, ya ce shi ba zai tsaya ƙarƙashin ƙugiyar mace ba, yana da 'ya'ya. Wata da watanni ba ya ko kallon inda take. Wata rana tsakar aiki sai ga shi ya hau dogon tsanin nan yana haki, ya ajiye mata kwanon naɗaɗɗen kabeji da nama na Halina, ya sauka abinsa. Tun daga ranar, in aka sa wani a ƙugiyar ba ita ba, wuni yake yana mita.

Yanzu wurin ya zama fili, sai ciyawa da iska daga kogin Hunter. Sababbin mutanen unguwar Mayfield suna yabon yadda shanya ke bushewa fara tas, babu baƙar toka, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai su tuna cewa layin dogon da ke kai su Sydney da wayar shingen da ke tsare tumaki har can ƙuryar ƙasa, hannun wasu ne ya zuba su, kuma masu hannun ba su gama mutuwa ba. Glenys ba ta taɓa wucewa ta bakin filin ba tare da ta ɗan miƙe wuya ba.

Ranar Laraba suka taru a bayan gidan Des Prosser, tsohon shugaban rukunin, don gwaji. Mutanen ƙarfe ba sa ɗaga abin da ba su auna ba. Des ya ciro tsohuwar ƙofa daga rumfar ajiyarsa, ya jera buhunan siminti a kai.

"Ƙara ɗaya," in ji Lazo Temelkov, dogon mutumin ƙasar Masedoniya da ya ba tamanin baya. "Ka manta tumbinsa? Mutumin da ke cinye abincinsa ya juyo kan nawa."

"Me ka ce?"

"Na ce ƙara buhu, kurma."

"Wane ne kurma? Kai da sai an taɓa ka kake sanin ana magana."

Duk kurame ne, har da Glenys. Ƙarar tanderu ta cinye kunnen kowa tun da daɗewa, kowanne da 'yar na'urarsa a kunne tana kuka kamar sauro. Suka ƙara buhun, suka ƙara wani don akwatin. Babu wanda ya sa Bronek a ido tun da ciwon ya kwantar da shi, don ya hana a buɗe wa kowa ƙofa, har Des da suka yi ƙuruciya tare. Bronek ɗin da suka sani suka auna, mai wuya kamar na bijimi.

Da aka zo jeruwa, kowa ya nufi wurinsa ba tare da an faɗa masa ba. A masana'anta komai bisa daɗewa ake yi, hutu da ƙarin girma har da kujerar da ke kusa da tukunyar shayi. Lazo da Des, waɗanda suka riga kowa shiga, suka tsaya a gaba. Glenys, 'yar auta, tana can baya. Lazo kamar falwaya, Des kuwa da ƙyar ya kai masa hammata. Suka ɗaga, kowa yana ba da umarni, babu mai jin kowa. Ƙafarsu ta farko a kan matakalar barandar Des, ƙofar ta kwanta gefe, buhu ɗaya ya zame ya fashe a kan tumatirin matar gidan.

"To, mun zubar da shi," in ji Des, yana kakkaɓe siminti daga gira. "Allah ya ji ƙan Bronek karo na biyu."

Babu wanda ya yi dariya sosai. Glenys ta ja da baya ta dube su yadda ta saba duban kaya daga sama, nan take ta ga inda matsalar take.

"Gajeru gaba, dogaye baya," in ji ta. "Hawa za mu yi. Ni da Des a gaba. Lazo, ka koma baya."

Lazo ya daidaita na'urar kunnensa, wai bai ji ba. Ta maimaita.

"'Yar sama," in ji shi, sunan da suke kiranta da shi ke nan, "ina bakin tanderu kina makarantar firamare. Ke da kika yi aikinki a zaune da fanka a kanki, yau ke za ki mai da ni baya? A jana'izar Bronek?"

Ransa ya ɓaci da gaske. Glenys ta san ba girman kai ba ne kawai. Wurin nan na gaba shi ne abu na ƙarshe da masana'anta ta bar masa. Ta matso kusa da kunnensa mai ɗan dama.

"Baba Lazo, da ƙafa ake fara shigar da gawa. Gaba ƙafafu ne, ba nauyi. Kai da ƙirji suna baya. Wa kake so ya ɗauki kan Bronek, ni?"

Lazo ya dubi ƙofar. Can ya ja tsaki, ya taka a hankali ya koma baya.

"Da ma ƙafafunsa wari suke yi," in ji shi. "Ku sha."

Batun umarni kuma suka yanke cewa baki ba zai yi ba. Glenys za ta ƙwanƙwasa katakon da zobenta, kowa ya ji a ƙashin kafaɗarsa: bugu ɗaya a tafi, biyu a tsaya. Suka yi ta hawa da sauka da ƙofar nan har rana ta karkata, gwiwoyi na ƙara, matar Des tana tsaye da man zafi a hannu tana kiran su tsofaffin banza. A hawan ƙarshe ko ƙurar siminti ba ta motsa ba.

Ranar Juma'a da hantsi titin cocin ya cika. Glenys ba ta zaci haka ba. Tsofaffi ne daga kowane sashe na masana'antar, na wurin gasa gawayi da na wurin murza ƙarfe da na jiragen ruwa, wasu da sanda, wasu an turo su a kujera, wasu sun sako tsohuwar rigar aiki da ta ƙi rufe ciki. Labarin wasiyyar ya zaga gari. Mai kamfanin jana'izar, mutum mai sanyin murya da furfura a gefen kai, ya ajiye kekensa a gindin matakala inda kowa zai gan shi, ya ɗora hannu ɗaya a kai.

Aka zaro akwatin daga mota. Su shida suka jeru, suka sa hannu, suka ja numfashi irin na buhunan siminti. Glenys ta buga.

Akwatin ya tashi sama kamar kwandon da babu komai a ciki. Ƙarfin da suka tanada ya yi yawa ƙwarai, ɓangaren Lazo ya wuce kafaɗa, gaba ya yi ƙasa, furannin da ke kai suka fara zamewa. Wata mata ta kama baki. Glenys ta ga keken ya motso, ta buga biyu da sauri, suka daskare a inda suke, akwatin ya dawo ya zauna a kafaɗunsu.

Ba nauyi. Kusan duk abin da ke kafaɗarta katako ne. A nan ta gane dalilin da ya sa aka rufe musu ƙofa wata da watanni. Ta leƙa ta ƙarƙashin akwatin ta ga fuskar Des a ɗaya gefen, hawaye na bin kumatunsa, gwiwarsa tana karkarwa.

"Glen," in ji shi, da muryar kurma da ba ta san raɗa ba, "ba ya ciki."

"Yana ciki. Riƙe."

Bai ji ba, amma ya karanta bakinta. Mai keken ya ƙara matsowa taku ɗaya, yana kallon ƙafar Des. Halina, daga saman matakala cikin baƙaƙen kaya, ta ɗaga masa tafin hannu. Ya tsaya, amma bai saki keken ba.

Duk mai tuƙa ƙugiya ya san kaya marar nauyi ya fi wuyar sha'ani. Mai nauyi shi ke zaunar da kansa, marar nauyi kuwa lilo yake yi, ya rinjayi mutum ya yi sauri. In suka bi sauƙin akwatin nan, da gudu-gudu za su haye, kowa a titin ya ga abin da ciwo ya mai da Bronek Wasiak. Glenys ta ƙi bugawa. Ta bar su a tsaye har numfashin Des ya daidaita, har gwiwar ta daina rawa. Sannan ta buga ɗaya, ta ɗaga ƙafa a hankali, irin tafiyar da take yi da tukunya cike da narkakken ƙarfe a kan kawunan mutane.

Suka gane. Babu wanda ya yi wa wani bayani. Ta ji a katakon yadda mutanen baya suka rage sauri, yadda Lazo ya saukar da kafaɗa ya sa ƙarfinsa duka kamar mai tallabe da dutse. Mataki ɗaya, su tsaya, su haɗa ƙafa, sannan na gaba. Des ya sunkuyar da kai yana nishi. Akwatin ya miƙe sambal, furen da ya zame ya tsaya a inda ya tsaya. A titi tsofaffi suka fara cire huluna, waɗanda ke kujera suna dafa kafaɗar 'ya'yansu suna miƙewa. Glenys ba ta taɓa jin alfahari irin na wannan hawan ba, ko ranar da aka fara ba ta ƙugiya.

Da suka ƙetare bakin ƙofa, sai ga mai kamfanin jana'izar ya riga su ciki ta ƙofar gefe. Ya bar kekensa a waje, ya jera benci biyu na katako a gaban fada, limamin cocin. Suka sauke Bronek a kai, ko ƙara bai yi ba. Lazo bai saki ba nan da nan. Ya kifa goshi a kan murfin yana magana da yaren garinsu, wanda Bronek bai taɓa jin ko kalma ɗaya a ciki ba.

Halina ta kamo hannun Glenys kafin ta zauna, ta jawo ta kusa. Idanunta a bushe suke, ta riga ta gama kukanta a gida.

"A ƙarshe ni kaɗai nake ɗaga shi daga gado," in ji ta a hankali. "Da hannu ɗaya ma zan iya. Ya roƙe ni kada in bari ku sani." Ta dubi akwatin, ta dubi Glenys. "Ya yi muku nauyi?"

Glenys ta murza kafaɗarta, ta bari tsofaffin da ke layin gaba su ga tana murzawa, ta ɗaga murya yadda kowane kurma a cocin zai ji.

"Mu shida, Halina, kuma da ƙyar."