Inda Igiya Ta Ci

"Sauke abin nan," in ji Baba Yelwa, ko ido bai buɗe ba.

Kalilu ya sauke kyamarar. Tsohon na kwance a zaure, an tokare masa baya da matashi biyu, ƙafafunsa sun kumbura har suna ƙyalli.

"Na ji ƙarar murfinta. Kurma ka ɗauke ni?"

"Murjanatu ce ta aiko, Baba."

Gaskiya ya faɗa. Murjanatu, 'yar tsohon ɗaya tilo, tana aure a Agadas, cikinta ya tsufa, an hana ta shiga mota. Wani direba ne ya kawo wa Kalilu wasiƙarta: ba ta da hoton babanta ko guda, don Allah ya ɗauka mata ko a ɓoye, abin da za ta haifa ya san kakansa. Kalilu ya aika mata cewa zai yi.

"Shekara saba'in ba a kama fuskata a takarda ba," in ji Baba Yelwa. "Tun kafin a kawo shari'a a fara wa'azin hoto a lasifika. Sai yanzu da na kusa tafiya?"

Kalilu maƙwabcinsa ne. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Shekara tara ya yi a Ibadan yana karatun safiyo, awon ƙasa, da ya dawo Daura ya tarar mutanen da ya sani sun zama wasu. Abubuwa ne kawai suka tsaya inda ya bar su, su ya koma ɗauka a hoto: tsagaggen turmi, ƙyauren da gara ta ci, randar bakin masallaci mai gansakuka. Unguwa ta sa masa suna Mai Hoton Tarkace.

"An ce littafi guda ka cika da shara," in ji tsohon. "Kawo in gani."

Ya kawo. Baba Yelwa ya ɗora littafin a ƙirji yana buɗewa da ƙyar.

"Wannan turmin Adama mai fura ne. Dubi bakinsa, gefe guda ya cinye, don a karkace take daka, kwankwasonta ba lafiya. Wannan turken Alhaji Mahdi ne. Jakinsa mugu ne, ya taɓa cizona." Ya yi tari mai tsawo. "Ashe mutane kake ɗauka, munafuki. Ka dai cire kawunan."

Kalilu ya yi dariya, tsohon bai yi ba.

"Je ka tsohuwar rijiyar bayan kara. Akwai gungumen kirya a bakinta, ni na ɗauko shi daga Dutsi a amalanke. Shekara arba'in ina shayar da shanun kasuwa a kansa. Wuri bakwai igiya ta ci. Shida sun miƙe, na abokan aikina ne, duk sun riga ni. Na bakwai ya karkata hagu. Bahago ne ni. Hotonsa za ka kai mata."

"Baba, fuska ta ce."

"Da hantsi za ka je, lokacin inuwa na kwanciya a cikin gurbin. In rana ta take ba ka ganin komai."

Washegari da hantsi ya je. Tun da aka haƙa famfo ba mai zuwa rijiyar, sai akuya da leda. Gungumen ya yi fari-fari, ya tsattsage, amma gurabun bakwai na nan sumul kamar an shafa musu mai. Na ƙarshe ya fi zurfi, yatsu uku na shiga. Hoto biyu ya rage a fim ɗinsa, sabon fim kuwa sai Katsina. Ya ɗauki ɗaya, ya ajiye ɗaya.

Da ya koma ya tarar tsohon na barci, haske daga ƙofar zaure ya sauka daidai fuskarsa. Iya Shatu, matarsa, na zaune tana kora masa ƙuda da mafici.

"Ɗauki, ɗan nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ba zai sani ba. Yarinyar nan ba ta da kowa a can."

Kalilu ya ɗaga kyamarar. Ta cikin gilashin ya ga bakin a buɗe, jijiyar wuya na motsi, hannun hagu kwance a ƙirji, tafin duk kanta. Bai taɓa samun haske mai kyau irin wannan ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya mayar da murfin a hankali, yadda ba zai yi ƙara ba. Ya fita da sauri don kada rana ta take, ya koma rijiya ya ƙarar da hoton ƙarshen a kan gungume.

Baba Yelwa ya rasu ran Laraba bayan azahar. Kafin magariba an dawo daga maƙabarta.

Ran sadakar uku Kalilu ya ji saran gatari a bayan gida. Hamma ne, ɗan ƙanen marigayin, tsaye a kan rabin gungumen yana zufa. Ɗaya rabin na ci a ƙarƙashin tukunya.

"Itace ya yi ƙaranci," in ji Hamma. "Nasa ne ai, ladan ya kai masa. Ko shi ma za ka ɗauka?"

Fim ɗin na cikin kyamara, ba a wanke ba. Kalilu ya shiga motar Katsina a ranar. Na farkon haske ya ƙone shi, fari fat. Na biyun ya fito.

Murjanatu ta iso bayan ta yi arba'in, da jariri a goye. A zauren ta same shi, an naɗe tabarmar an jingine a kusurwa. Ya miƙa mata ambulan. Ta buɗe, ta juya bayan hoton, ta leƙa cikin ambulan.

"Yaya Kalilu, ina fuskar?"

"Ya hana."

"Iya ta ce ka samu dama."

"Na samu."

Ta dube shi, ta kawar da kai. Bai ba ta haƙuri ba, bai kuma yi mata bayanin hoton ba. Jaririn ya motsa, ta jijjiga shi ba tare da ta waiwaya ba. Ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta riƙe takardar kusa da ido, leɓenta na motsi, tana ƙirgawa. A na bakwai ta tsaya.

Ta ɗora yatsa a kansa, ta bi shi a hankali inda ya karkata hagu, har yatsan ya wuce bakin takardar ya sauka ƙasa.