Wadda Take Ɗauka da Kanta

"Wannan ƙaramar ta fi dacewa da ke, Inna," in ji Bashari, ya ɗaga wata kyamara ruwan azurfa da ba ta fi sabulun wanka girma ba. "Ko a lalitarki za ta shiga."

Inna Hajaratu ko kallonta ba ta yi ba. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana tsince wake a faifai, ta miƙe ƙafafun nan nata da suka kumbura har fatar tana ƙyalli.

Bashari ƙanena ne, wayoyi yake sayarwa a bakin tashar Gwarzo. Ni na tasa shi a gaba sai da ya karɓo kyamarori uku daga Kano don Inna ta zaɓa. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata, kuma tun rasuwar mijinta ita kaɗai ce a ciki, sai awakinta.

Ba don sha'awa ake wannan ciniki ba. Ɗanta Zainulabidin, na fari, kuma shi kaɗai ya rayu cikin waɗanda ta haifa, yana Makka. Shekarar da aka rufe masaƙar da yake aiki a Kano ya tafi Umara bai dawo ba. Ba shi da takardun zama, in ya fito ba zai sake shiga ba, ga mata ga 'ya'ya a can. Ya haura shekara goma bai ga fuskar uwarsa ba, hotonta kuwa babu shi a duniya. Ko lokacin katin ɗan ƙasa cewa ta yi ba inda za ta. Da ya ji labarin ciwon nata sai ya yi aike ta hannun alhazai, ya ce a sayi kyamara irin ta yanzu wadda ba a sa mata fim, mace ta ɗauke ta a cikin gida, a cire ɗan katin a bai wa Alhaji Dabo mai zuwa Umarar azumi.

Magana ce mai sauƙi, in ba ka san Inna ba. 'Yar Gude ce ta ƙasar Kabo, tarbiyyar mutanen da. Ba ta taɓa furta sunan Zainu ba, saboda kunyar ɗan fari. "Wancan yaron" take ce masa. In ya bugo wayata na kai mata, sai ta kau da kai ta ce, "Ki ce masa lafiya lau." A ce ta zauna a gaban wani ta yi kwalliya don wancan yaron ya gani? Gara ta shiga rijiya.

Bashari dai ya dage da talla. Baƙar nan babba tana jawo abu na nesa ya zo kusa. Ta tsakiyar ta fi fitar da hoto tas, amma sai an yi mata caji.

"Da wace wutar?" na ce. "Tun kasuwar da ta wuce rabonmu da ita."

"To shi ya sa na ce ƙaramar, Yaya. Batirin ƙaramar rediyo take ci."

Ya shiga lissafin wani abu wai shi megafiksel, kamar mai karatu a jami'a. Na ce ya rufa mana asiri. A nan ne Inna ta yi magana, idonta na kan wake.

"Duk cikinsu sai wani ya riƙe?"

"Kamar yaya, Inna?"

"Sai an tsaya a kan mutum ana kallonsa?"

"A'a. Kin ga nan? In kika taɓa nan, kika danna na sama, sai ta ƙirga goma sannan ta ɗauka da kanta. A ƙaramar ma ya fi sauƙi, madanninsa a waje yake."

Ta ajiye faifan. "Sake nuna min."

Ya kifa turmi a tsakar gida, ya ɗora kyamarar, ya danna, ya ruga ya tsaya yana washe baki. Kyamarar ta yi ta ƙara, ƙit, ƙit, ƙit, sannan ta yi walƙiya. Ya kawo mata ta ga shi a gilashin baya. Ta daɗe tana kallo.

"A bar wannan," ta ce. "Awakina zan riƙa ɗauka."

Bashari ya buɗe baki zai yi dariya, na harare shi ya haɗiye ta. Da yake Inna ba ta karatun boko, na kawo jan farce na ɗiga mata a kan madannan biyu.

Makarantar da nake koyarwa hutu ake yi, albashi ma ya maƙale, don haka ina gida kullum. Da hantsi, in maza sun tafi gona unguwa ta yi shiru, sai in ji an jawo kyauren Inna an rufe. Can sai ƙarar nan ta taso ta bayan katanga, ƙit, ƙit, ƙit, tare da jan ƙafa a ƙasa da nishi. Sai ta ɗauke. Sai in ji ta ce, "La'ilaha illallahu." Bayan ta huta a sake.

Na san abin da ke faruwa. Matar da daga ɗaki zuwa bayi sai ta dafa bango, ina za ta iya tsere da inji?

Ranar da na kasa daurewa na shiga da kunu na ce, "Inna, don girman Allah kawo in ɗauke ki. Ni da ke ne, ba wanda zai ji."

"Ki ɗauke ni ki kai wa wa?"

"Kin sani."

"Kulu, ki kiyaye ni. Raini ne ya kawo haka?"

"Alhaji Dabo fa ya kusa tafiya."

"Allah ya kai shi lafiya. Ajiye kunun ki je, 'ya'yanki na kira."

Ba wanda ke kirana. Na fito raina a ɓace, ina jin haushinta, ina jin haushin waɗanda suka koya mata. Mace tana mutuwa da son ɗanta, amma an ɗaure mata baki tun tana yarinya, kuma ita ce mai tsaron ɗaurin. Na zauna a gindin katanga na yi kukana.

Sha'aban ya raba tsakiya, wata safiya hantsi ya yi ban ji ƙarar ba. Na yi sallama shiru. Na same ta a kan gadonta ta fuskanci alƙibla, cikin tsohon zanenta na kullum, jikin har ya fara sanyi.

Kafin azahar an gama komai. Matan da suka yi mata wanka suna ta mamakin sabon lalle a hannuwanta, wai tsohuwa mai wannan ciwo bikin wa za ta? Maza suka ɗauke ta, muka bi su da ido har ƙofar zaure.

Da la'asar Zainu ya bugo. Muka yi gaisuwa, muka yi wa juna ta'aziyya, ya tambayi wanda ya yi mata salla. Ina jin hayaniyar motocin can ƙasar, sai ya ce:

"Yaya Kulu, an dai samu hoton?"

"Zan duba," na ce.

A cikin kwallarta na sami kyamarar, a naɗe cikin atamfar da Zainu ya aiko mata bara, wadda ta ce min ta bayar. Ashe har ɗinka ta aka yi. Na zauna a bakin gadon na kunna.

Bashari ne na farko, yana washe baki. Daga shi sai kujerarta 'yar tsugunno a jikin bango, ba kowa a kai. Na danna, kujera. Na sake dannawa, kujera da akuya. Hotunan kujera babu iyaka. Can sai gefen atamfa ya fara shigowa. Sai bayanta, a duƙe, tana nufar kujerar. A wani har ta kai hannu ta dafa bango. Na lura kujerar tana ƙara girma daga hoto zuwa hoto: kullum sai ta matso da ita kusa da turmin.

A na ƙarshe ta kai. Ga ta a zaune daram, cikin atamfar, ta ɗora hannuwanta biyu a cinya, lallen ya kama jajir. Amma kujerar ta matso da yawa. Daga haɓa zuwa sama babu.

Wayata ta fara ruri, lambar Makka. Na fito tsakar gida da ita a hannu ban ɗauka ba. Masu zaman makoki sun shimfiɗa tabarmi ko'ina, amma ba wanda ya taɓa turmin. Yana nan a kife, kujerar na gabansa, ga sawun da ta bari a ƙasa tun daga jikin bango.