Baƙin da Maame Dufie ta tarar a sabon gidanta

Ni da Maame Dufie mun haura shekara talatin muna rumfa ɗaya a kasuwar Kejetia, ita atamfa, ni ɗankwali da duwatsun wuya. Saboda haka da ɗanta Boadu ya aiko daga Italiya cewa zai gina mata gida a filinsu na Ejisu, ni na fara buɗe baki na ce a ba 'yar ƙanwata Pokuaa aikin. Yarinyar ta karanci zanen gine-gine, amma ba ta taɓa samun gidan da za a ce nata ne tun daga tushe har rufi ba. Boadu ya amince, da sharaɗi guda: ba za a sa diga a ƙasa ba sai uwarsa ta ce ta yarda. In ta ƙi, aikin ya koma hannun wani tsohon magini da ta sani, mai auna ɗaki da tafin ƙafa.

Sau biyu Pokuaa tana kawo mata zanen a takarda. Maame ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta ce ita akwatuna kawai take gani, kuma ba za ta kwana a akwati ba tun da ranta.

Sai yarinyar ta ce to, za ta shigar da ita gidan tun ba a gina shi ba. Aikin da suke yi ke nan a ofishinsu na Adum. Su ɗauki zanen da ke cikin kwamfuta, su sa masa fenti da haske da kujeru, sannan a ɗaura maka wani ƙaton tabarau, sai ka tsinci kanka a tsaye cikin gidan, ka waiga nan ka ga taga, ka waiga can ka ga matakala. Akwai kuma wata al'ada ta masu wannan sana'ar: ba sa barin ɗaki wayam, sai sun dasa mutane a ciki don a gane girmansa. Mutanen nan a shirye suke zuwa cikin kwamfutar, kuma kusan dukansu Turawa ne. Pokuaa ta saba ganinsu har idonta ya daina ganinsu.

Ranar Talata muka rufe rumfa da wuri muka tafi. Aka ɗaura wa Maame tabarau, ni kuma ina kallon abin da take gani a wani allo a gefe. Da ta ga ƙofar falo, sai ta zame silifas ɗinta a tsakiyar ofishin mutane. Ta shiga, ta tsaya cak. Ga wani Bature a kujera ya ɗora ƙafa kan ƙafa yana karanta jarida, ga yara biyu a ƙasa, ga wani dogo a jikin taga.

Maame mace ce mai tarbiyya. Ta gyara zanenta, ta fara gaisuwa daga dama zuwa hagu kamar yadda ake yi, tana miƙa hannu cikin iska. Mai jarida bai ɗago ba. Yaran ko motsi. Ta sake gaishe su da ƙarfi, ko kurame ne. Pokuaa ta fara cewa ai ba mutanen gaske ba ne, Maame ta ce ta yi shiru, manya na magana.

A kicin abin ya lalace. Wata siririyar mace ce a tsaye da gajeren wando, tana murmushi, ta miƙo kofi. Da hannun hagu.

Maame ta fizge tabarau, ta ce in kira mata Boadu. Ya ɗauka yana cin abinci, ya sa wayar a fili, matarsa Abrafi na gefe.

“Kwaku Boadu, wace ce ka ajiye min a kicin?”

Ya ce wane kicin, ai ko bulo ɗaya ba a saya ba. Ta ce kada ya raina mata hankali, da idonta ta gan ta, har da 'ya'ya biyu da ba su iya gaisuwa ba. Daga can muka ji Abrafi ta ajiye cokali ta ce ita ma tana son jin amsar. Sai da Pokuaa ta goge matar a gabanmu, ta dawo da ita, ta sa ta tsaya a kan rufi, muka ba su labari ta waya, sannan aka samu lafiya a Italiya.

Pokuaa ta yi bayani cewa don awo aka sa su, amma Maame ba ta huce ba. Ta dubi yarinyar ta ce, “'Yar nan, in don awo kika sa su, me ya sa za ki auna min gida da mutanen da ba sa cin fufu? Ki auna da nawa.”

Gaskiya ta faɗa, kuma Pokuaa ta gane. Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci ta je gidan danginsu Maame da ke Bantama, ta ɗauki hoton kowa tun bai cire kayan ado ba. Mako biyu ta yi tana dasa su cikin ɗakunan. Awon kuwa ya yi amfani, don da ta tsayar da Ataa, ƙanwar Maame, a ƙofar kicin, sai ta ga in ta ɗauko kwano ba za ta wuce ba sai a kaikaice. Ta faɗaɗa ƙofar. Ta kuma ware wani wuri a bayan kicin da ba za a sa tayil ba, saboda turmin kirɓa fufu.

Abin da ba mu yi tsammani ba shi ne Maame za ta zo kallo na biyu da masu hotunan. Mota guda suka cika. Kowa ya ce sai ya leƙa.

Yayan Maame, Kawu Sarpong, shi ya fara. Ya hau bene yana ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata, ya tarar da kansa zaune a ɗakin da ke da baranda. Ya cire tabarau idonsa ya ciko, ya gode wa Boadu bisa wannan karamci, ya ce abu ɗaya ne, shi ya fi son shuɗin fenti. Ataa ta ga kanta a kicin, ta tambaya ko an yanke mata hukuncin girki ne har ta mutu, alhali wanda bai taɓa wanke cokali ba an ba shi baranda. Pokuaa tana ta rantsuwa cewa ba rabon ɗakuna ta yi ba, inda ta ga wuri nan ta sa mutum. Babu mai jin ta. Har an fara maganar wa zai koma ɗakin saman in Kawu ya rasu, shi kuma yana zaune yana ji.

Maame ko tabarau ɗin ba ta taɓa ba. Ta ɗauki jakarta ta ce gidan ya cika tun ba a gina shi ba, a kira magininta.

Na ga fuskar Pokuaa, na san aikin ya kusa fita hannunta. Amma ta yi dabara. Ta roƙi dangin su sauka ƙasa su sha lemo, ta rufe ƙofa, ta durƙusa a gaban tsohuwar.

“Maame, ke wa kike so ki tarar a ciki?”

Maame ta dubi ƙofa, ta dube ni, ta rage murya. “Ba kowa.”

Na san dalili. A gidan Bantama aka haife ta, a nan ta haifi nata, kuma ba ta taɓa kwana a ɗakin da babu numfashin wani ba.

Pokuaa ta koma kan kwamfuta ta kwashe hotunan dangin ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a bakin titi, bayan katanga. Ta ɗaura mata tabarau. Maame ta zaga falo, ta leƙa kicin, ta taka wurin turmi da ƙafa, ta hau bene a hankali. Daga baranda ta hango danginta can ƙasa a jere, ta ɗaga musu hannu. Ta tambaya ko ƙofar gidan tana da makulli, Pokuaa ta ce za a sa guda biyu.

Maame ta ce in kira Boadu in gaya masa a fara haƙa tushe ranar Litinin, kuma aikin na Pokuaa ne. Da yarinyar ta kai hannu za ta kwance mata tabarau, sai ta buge hannun, ta laluba kujera ta zauna, ta ce a bar ta tukuna, waɗancan na ƙasa su ƙara shan lemo.