Watan da Tuta Ba Ta Sauka

A duk faɗin Amurka babu jihar da ta kai wannan jihar son ƙasa, tunda ita ce ta sa abin a doka. Sanata Vernon Haugland ne ya kawo ƙudurin: Yuli ya zama Watan Kishin Ƙasa, tuta ba za ta sauka daga kan sanda ko taƙi ɗaya ba sai watan ya fita. Ba wanda ya ƙi, don ba mai son ganin sunansa a jarida.

Ran huɗu ga wata, ana tsakiyar fareti, Sanata ya ɗaga hannu zai gai da jama'a, ya kife cikin mota, bai sake tashi ba.

Matarsa Lorna abu ɗaya take so, ta binne shi ran Asabar kusa da mahaifiyarsa. Washegari sai ga Kakakin Majalisa, Duane Stickney, hula a hannu.

"Lorna, kin san yadda muke da Vernon. Sai dai akwai 'yar matsala. Tsohuwar doka ta ce in sanata ya mutu a sauke tuta rabin sanda. Sabuwa ta ce ba ta sauka."

"To ku bar ta a sama mana, Duane. Ai ba gani zai yi ba."

"Mu wulaƙanta Vernon? Allah ya kiyaye. Mun zauna da safe, majalisa ta amince yana raye har ɗaya ga Agusta."

"Yana raye," in ji Lorna.

"Da gagarumin rinjaye. Har tasa ƙuri'ar an ƙirga."

"Shi me ya zaɓa?"

"Ya goyi baya."

Kafin la'asar maƙwabta suka dawo ɗaukar kwanukan abincin ta'aziyya da suka kawo, kowacce tana yi wa Lorna barka. Fasto ya aiko cewa zai sa Sanata cikin addu'ar marasa lafiya. Daga nan mai gidan shirya gawa ya bugo waya, murya a ƙasa, ya ce lasisinsa na ajiye matattu ne, ba zai tsare mai rai a sanyi ba a kama shi. Da yamma aka kawo mata Vernon gida.

Lorna ta shiga garejin gidan ta buɗe babban firiza, wanda zai ɗauki mutum a miƙe. Ta fito da naman barewa da 'ya'yan itacen da ta tanada don lokacin sanyi, ta jera su a ƙasa cikin zafin Yuli. Kafin ta gama, na farko sun fara ɗiga.