Sakamakon Jinin Goggo

Goggo, ƙanwar mahaifina, ita ta rene ni tun ranar da aka binne mahaifiyata, kuma da keken ɗinkinta ta kai ni har jami'a. Ita kanta Allah bai ba ta haihuwa ba. Tana da shekara arba'in da bakwai ranar da ta zo ɗakin gwaje-gwajen asibitin da nake aiki, ta zauna a kan benci tana haki, da wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba.

Kanta a sunkuye, cikin kunyar uwa a gaban ɗa, ta gaya mini wata huɗu ke nan ba ta ga al'adarta ba. Zani ya daina zagaye ƙugunta. Zafi kan taso mata ba zato, gwiwoyi na ciwo. Mijinta, direban babbar mota, har ya hana ta ɗaga bokitin ruwa, yana tsokanarta wai tsohuwar gona ce ta yi yabanya.

"Likitana, kai za ka duba mini," in ji ta. Haka take kirana, ko da yake ta san ni mai awon jini ne kawai. "Ba na so bakin wani ya riga naka."

Sai da na soka allura sau uku kafin na sami jijiya. Gwajin ciki bai nuna komai ba. Na maimaita, amsar ba ta sauya ba. Abin da ya fito shi ne alamar kumburi a jini, ta haura ƙima nesa ba kusa ba, sukari kuma yana bakin iyaka. Likitar mata ta duba takardar ta ce al'ada ce ke shirin ɗaukewa, kitsen da ya taru a ciki kuwa kamar garwashi ne a ƙarƙashin toka, yana cin jijiyoyi da zuciya ba hayaƙi. Ta ce a kawo ta da wuri, kuma lallai ta rage ƙiba.

Na ninke takardar na sa a aljihu. Na ce wa Goggo na'ura ta lalace.

Na gaya wa kaina tausayi ne. Yanzu na san tsoro ne, tsoron in zama wanda zai kashe murmushin nan. Sati uku na yi ina ɗaga mata rana. A cikinsu ta daina takawa zuwa shagon ɗinkinta, sai dai a kai ta a babur. Ta riƙa cin rabon mutum biyu, mijinta na ɗauko mata nama da lemon kwalba duk dawowa.

Wata Asabar da hantsi na same ta a shago. Ƙafafunta sun kumbura har sun fi ƙarfin silifa, ga tarin 'yan rigunan jarirai a gefen keke, waɗanda ta haɗa da ƙyallayen da suka rage. Ta ɗaga ɗaya ta tambaye ni ko wuyan bai yi faɗi ba.

Na fito da takardar na karanta mata, ban tsallake ko layi ɗaya ba. Ƙafarta ta tsaya a kan fedar keken.

"Tun yaushe ka sani?"

"Sati uku, Goggo."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki reza ta fara farke ɗinkin rigar a tsanake.

"Jiya maigida ya gaya wa mahaifiyarsa ina da ciki," in ji ta. "Da sati uku da suka wuce ne, da daga ni sai shi sai kai muka sani."

Na ce ciwon ba abin wasa ba ne, likita na jiran ta ranar Litinin. Ta ce za ta je, ba ta gaji da rai ba tukuna. Sannan ta turo mini takardar awon ɗinki da alƙalami, ba tare da ta dube ni ba.

"Rubuta mini sunan wani asibitin, yaro."