Safayar Baba Birki

Baba Birki shekara talatin da huɗu ya yi yana jan babbar mota, kuma tun da ya ajiye tuƙi bai yarda akwai wata na'ura a duniya da ta fi ƙarfin saninsa ba. Shi ya sa ranar da autarsa ta ce za ta je sayen laftof, ya riga ta sa takalmi.

Auta sana'arta tace bidiyo. A lokacin akwai wani aiki a hannunta da ya fi kowanne nauyi a gidan: hirar awa shida da ta ɗauka da Sarkin Kwana, tsohon da ya koya wa ubanta tuƙi. Wata ɗaya bayan hirar Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Muryarsa ba ta rage ko'ina ba sai a tsohuwar kwamfutar Auta, wadda ke sumewa sau uku kafin azahar.

A shago, Baba ya ɗaga wata laftof a tafin hannu, ya auna ta, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya kara kunne a wajen fanka.

"Silinda nawa ce?"

"Baba, ai ba ta da silinda," in ji mai shago.

"To da me take ja? Da addu'a?"

Shi wata ƙatuwa baƙa ya so, mai jajayen fitilu kamar gaban tirela. Auta kuwa ta shiga gwaji. Ta fito da guntun bidiyon da ta zo da shi, ta jarraba shi a kwamfuta uku, tana ja gaba tana ja baya don ta ga wadda ba ta sarƙewa. Ta zaɓi wata siririya mai ruwan toka, wadda a idon Baba ko faranti ya fi ta kwarjini. Sannan ta ce a ba ta diskin ajiya guda biyu, irin wanda ake jona wa kwamfuta da waya, domin cikin laftof ɗin ba zai ɗauke hirar ba.

"Biyu na mene ne?" Baba ya tambaya.

"In ɗaya ya lalace, ɗaya na nan," in ji mai shago.

Fuskar Baba ta washe. "Safaya ke nan! Tun da muka shigo sai yanzu ka yi magana irin ta masu hankali." Ya ɗauki kwali ɗaya ya zura a aljihun riga. Suna isa gida ya kulle shi a akwatin ƙarfensa na ƙarƙashin gado, tare da tsohon lasisinsa.

Auta ta juye hirar a diski na farko, kuma kamar jira take, tsohuwar kwamfutar ta yi suman da ba ta farfaɗo ba. Washegari ta sami uban a tsakar gida.

"Baba, ba ni ɗayan in kwafi aikin a ciki."

"Na farkon ya fashe ne?"

"A'a."

"To safaya ba ta taka ƙasa. Kin taɓa ganin direban da ya ɗaura safaya yana yawo da ita don ta saba da hanya?"

"Baba, wannan ba taya ba ne. In babu komai a cikinsa..."

"Ke da aka haifa jiya! Shekara talatin da huɗu ban taɓa kwana a daji don rashin taya ba."

Inna tana gefe tana guga. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ƙyale shi, Auta, masanin inji ne. Ai shi ya gyara mana rediyo har ta daina magana gaba ɗaya."

Haka aka yi wata uku. Duk Asabar Baba yakan buɗe akwati, ya fito da kwalin, ya share masa ƙura da hularsa, ya duba salatif ɗin bakinsa. Wani lokaci har ya sansana shi, ya ce kayan zamani dai akwai sirri, kana ajiye su suna ƙara ƙamshi.

Wata safiya ya shiga ɗakin Auta don ya ga inda aikin ya kai. Hasken taga na dukan allon, sai ya ga dacewar ya koya mata yadda ake zaunar da na'ura. Ya sungumi laftof ɗin gaba ɗaya. Diskin da ke jone ya biyo ta yana lilo, wayar ta zare, ya sauka a siminti. Da aka sake jona shi, ba abin da ya yi sai ƙas, ƙas, ƙas.

"Filogi ne," in ji Baba.

"Ya mutu, Baba."

"To ranar safaya ta zo! Kin ga amfanin babba a gida?" Ya fita da saurin da rabonsa da shi tun yana saurayi, ya dawo riƙe da kwalin sama kamar wanda ya ci kofi.

Auta ta dube shi. "Madalla. To me ke cikinsa?"

Sai a nan Baba ya farga. Taya kan zo da iskarta, wannan kuwa ba wanda ya hura masa komai, kuma shi ne ya hana. Ya zauna a bakin gado. Awa shida na maigidansa, dariyarsa da tarinsa da yadda yake kiransa "ɗan nema", duk sun tafi, kuma ba wani ɓarawo ya kwashe su ba, shi ne da hannunsa da makullinsa. Don dai hannun ya sami abin yi, ya ɓare salatif ɗin.

Sabulun wanki ne a ciki, sabo fil, an naɗe shi a tsohon ƙyalle.

Inna ta shigo tana goge hannu a zani. Ta ajiye diski na biyu a kan tebur. "Tun satin farko na sa maka safayar a hanya, Sarkin Inji, na ba Auta ta kwafe hirar a ciki. Makullin da kake tsaro kamar ranka, a aljihun wandon da nake wankewa yake kwana."

Auta ta jona. Sai ga Sarkin Kwana a allo, hula a karkace, yana ba da labarin ranar da wani yaron motarsa ya rikita birki da totur, ya shige rumfar mai faci da mota, tun daga nan sunan Birki ya bi shi. Tsohon yana dariya har yana riƙe ciki.

Baba ya daɗe yana kallo. Ya share ido da hular nan da ta yi wata uku tana yi wa sabulu hidima, sannan ya gyara murya.

"Yanzu dai motar nan ba ta da safaya. Auta, ɗauko mayafinki mu koma shago. Wannan karon a hura mata iska tun a can."

"In kun je ku taho mini da sabulu," in ji Inna. "Wannan ka sansane shi duka."